Wasannin Sabulu Na Amurka: Labarin Na Marubuci Ne Ko Na Mai Kallo?

A cikin shekarar 1982 wasu mutane suka yi cincirindo a ƙofar gidan talabijin na NBC da ke Burbank, cikin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, suna riƙe da kwalaye, ransu a ɓace. Waɗanda ba su samu zuwa ba kuwa suka yi ta buga waya suna aika wasiƙu. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne an nuna a wani wasan kwaikwayo da ake yi kullum da rana, mai suna Days of Our Lives, cewa wani makashi ya shaƙe wata likita da ake kira Marlena Evans har lahira. Babu wata Marlena a duniya, garin Salem da take zaune ma marubuta ne suka ƙaga shi, amma masu kallo suka ce sam ba su yarda da wannan mutuwa ba.

Ba a jima ba wasan ya bayyana cewa wadda aka kashe 'yar'uwar tagwaitakar likitar ce, Samantha, makashin ya yi kuskure. Deidre Hall, wadda take fitowa a Marlena, ita ma 'yar tagwaye ce, kuma 'yar'uwarta Andrea ce take fitowa a Samantha. Hankali ya kwanta, kowa ya koma gida. In ban da 'yan shekarun da ta bar wasan ta komo, har yanzu Deidre Hall ce Marlena, aikin da ta fara tun 1976.

Wannan tarzoma ƙarama ce, amma ta taɓo tambayar da ta daɗe tana haɗa masu shirya irin waɗannan wasanni da masu kallonsu: shin labarin da aka shekara talatin ana bi, na wanda ya rubuta shi ne, ko na wanda ya biya kuɗin yin sa, ko kuwa na wanda ya ba da sa'a guda ta ransa kowace rana domin ya gani?

ASALIN SUNAN

Amurkawa suna ce wa irin wannan wasa soap opera, watau wasan sabulu. Sunan ya samo asali ne tun zamanin rediyo, cikin shekarun 1930, sa'ad da kamfanonin sabulu da garin wanki irin su Procter & Gamble da Colgate-Palmolive da Lever Brothers suka lura cewa da hantsi maigida ya tafi aiki, yara sun tafi makaranta, uwargida ce kaɗai a gida, ita ce kuwa mai sayen kayan wanki. Sai suka riƙa ɗaukar nauyin gajerun wasanni na minti 15, ana yi ana tsarma tallar kayansu a tsakani.

Wadda ake ɗauka uwar wannan sana'a ita ce Irna Phillips, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta fara wani wasa mai suna Painted Dreams a wani gidan rediyo na Chicago cikin 1930. Ita ce ta ƙago Guiding Light a 1937, wanda ya koma talabijin a 1952, da kuma As the World Turns a 1956. Ɗalibarta Agnes Nixon ta ƙago One Life to Live a 1968 da All My Children a 1970. A wajen shekarar 1970 wasanni 19 ne irin waɗannan ake nunawa da rana a manyan gidajen talabijin uku na ƙasar, watau CBS da NBC da ABC.

Abin da ya raba su da sauran wasanni shi ne ana nuna su kwana 5 a mako, daga Litinin zuwa Jumma'a, babu hutun rani babu na damina, watau kashi wajen 260 a shekara. Kuma tatsuniya ce wadda ba a ce mata ƙurunƙus. In an warware wata rigima ran Laraba, kafin Jumma'a an ƙulla wata, a bar mai kallo da zulumi har Litinin. Saboda haka mutum yakan girma tare da mutanen wasan, ya yi aure suna yi, ya tsufa suna tsufa. Helen Wagner ta fito a matsayin Nancy Hughes a kashin farko na As the World Turns cikin 1956, kuma tana cikin wasan har ta rasu a 2010. Akwai gidajen da kaka da uwa da jika duk sun san ta a wannan matsayi.

Tun farkon shekarun 1940 wata masaniya 'yar asalin ƙasar Ostiriya, Herta Herzog, ta zauna da matan da ke sauraron waɗannan wasanni a rediyo ta tambaye su abin da suke samu. Ta tarar wasu suna samun wurin zubar da hawayen da suka daɗe suna riƙewa, wasu suna mance wahalar gida na ɗan lokaci, wasu kuwa shawara suke ɗauka kan yadda za su zauna da miji ko su bi da yaro mai taurin kai. Wanda ya ɗauki wasa da wannan muhimmanci ba zai yi shiru in an taɓa shi ba.

IDAN FUSKA TA SAUYA

Babbar matsalar wasan da ba ya ƙarewa ita ce 'yan wasa mutane ne. Wani ya yi rashin lafiya, wani ya nemi ƙarin kuɗi a hana shi, wata ta tafi neman suna a finafinai. Masu shiryawa suna da hanya uku: su kashe mutumin cikin labari, su tura shi wata doguwar tafiya, ko su kawo wani ya gaje shi. In sun zaɓi ta ukun, al'adar ita ce a ji wata murya a farkon fitowarsa tana sanar da cewa daga yau wane ne zai riƙa fitowa a matsayin wane. Daga nan matarsa ta cikin wasa ta rungume shi kamar jiya suka rabu, a bar mai kallo ya haɗiye.

Wani lokaci abin yakan zama na ban dariya. A cikin 1968 Christina Crawford, wadda take fitowa a wani wasa mai suna The Secret Storm, ta kwanta asibiti, sai mahaifiyarta, shahararriyar 'yar fim Joan Crawford, ta karɓi matsayin na 'yan kwanaki. Uwar ta haura shekara 60, matar da take kwaikwaya kuwa ba ta cika 30 ba.

Amma misalin da ya fi nuna ƙarfin masu kallo shi ne na Roman Brady, ɗan sanda kuma mijin Marlena. Wayne Northrop ne ya fara fitowa a wannan matsayi a 1981, ya bari a 1984, aka nuna ya mutu. A ƙarshen 1985 sai ga wani mutum ya shigo Salem fuskarsa naɗe da bandeji, bai san ko shi wane ne ba. Aka ce Roman ne aka yi wa aikin fuska, sabon ɗan wasa Drake Hogestyn ya gaji matsayin. Masu kallo suka karɓe shi hannu biyu, har wasu suka fi son sa da na farkon. To, a 1991 Northrop ya komo. Masu shiryawa suka rasa yadda za su yi, domin sallamar Hogestyn tsokano tsuliyar dodo ce. Mafitar da suka samu ita ce su riƙe duka biyun: aka ce na farkon shi ne Roman na gaskiya, an tsare shi ne shekara da shekaru, na biyun kuwa wani ne dabam mai suna John Black da aka juyar masa da tunani. Masu kallo suka rabu gida biyu kan wanda ya cancanci Marlena, kuma Hogestyn ya ci gaba da zama John Black har ya rasu a 2024.

Akwai kuma al'adar tsufar da yara da gaggawa. A haifi jariri bana, a tura shi makarantar kwana baɗi, bayan shekara uku ya dawo saurayi yana neman aure. Dalili shi ne jariri ba ya iya soyayya ko rigimar gado, su ne kuwa abincin wasan. Masu kallo sukan yi ba'a da wannan, amma galibi sukan kau da kai.

Ƙauna da ƙiyayyar masu kallo kuwa ba sa tsayawa a kan allon talabijin. Eileen Fulton, wadda ta fara fitowa a 1960 a matsayin Lisa, wata makira mai son kanta a As the World Turns, ta sha ba da labarin yadda wata mata ta tare ta a titin New York ta tambaye ta ko ita ce Lisa, da ta amsa sai ta kai mata duka. Daga baya Fulton ta sa aka rubuta cikin yarjejeniyar aikinta cewa ba za a mai da Lisa kaka ba, domin ta ga yadda ake jingine mace gefe da zarar an ba ta jika. Sa'ad da surukar Lisa ta yi ɓari cikin wasan a shekarun 1980, sai wasiƙun zagi suka yi ta zuwar wa Fulton, ana cewa ita ce ta kashe jaririn da sharaɗinta.

AUREN DA MASU KALLO SUKA ƊAURA

Ba kullum ne abin da jama'a ke so yake zama abin alfahari ba, labarin Luke da Laura kuwa shi ne shaida. Wasan General Hospital, wanda aka fara a 1963, ya yi sanyi har ana batun soke shi, sai aka ɗauko Gloria Monty a 1978 ta riƙe shi. Ta hanzarta tafiyar labarin, ta jawo matasa gaba. Aka kawo Anthony Geary ya fito a matsayin Luke Spencer, wani ɗan tasha mai hulɗa da miyagu, da niyyar ya yi 'yan makonni a kawar da shi. A 1979 aka nuna Luke ya yi wa Laura fyaɗe a gidan rawar da yake kula da shi. Laura matar aure ce a labarin, Genie Francis mai kwaikwayon ta kuwa shekarunta 17.

Maimakon a tsani Luke, sai masu kallo da yawa suka kamu da son ganin su tare. Masu shiryawa suka bi iska, suka fasa kashe shi, suka riƙa sassauta sunan abin da ya faru har aka mai da shi kamar wata zazzafar soyayya. Ɗaliban jami'o'i suka riƙa cika ɗakunan hutu a lokacin wasan. Ran 17 ga Nuwamba 1981 aka nuna ɗaurin aurensu, mutum wajen miliyan 30 suka kalla, adadin da babu wani wasan rana da ya taɓa kaiwa a Amurka. Elizabeth Taylor, wadda ita ma mai bin wasan ce, ta fito a ciki a matsayin wata muguwar attajira mai tsine wa ango da amarya.

Tun a lokacin akwai masu cewa wannan darasi ne mai haɗari ga 'yan mata, amma tafi ya rufe muryarsu. Sai a 1998 wasan ya koma kan maganar, aka nuna ɗansu Lucky ya gano abin da ubansa ya yi wa uwarsa, Luke ya kira laifin da sunansa. An shekara kusan 20 kafin a gyara abin da aka ɓata don faranta wa jama'a.

Agnes Nixon ta bi wata hanya dabam. A 1962, tana rubuta Guiding Light, ta sa aka gano ciwon daji a mahaifar Bert Bauer, uwar gidan da kowa ke ƙauna, ta hanyar gwajin da ake yi wa mata. Masu ɗaukar nauyin wasan suka hana a ambaci sunan cutar ko na mahaifa, ta kewaya ta isar da saƙon, mata kuwa suka rubuto mata cewa sun je an duba su. A 1968 kuma, cikin One Life to Live, ta kawo wata mace mai hasken fata, Carla, wadda kowa ya ɗauka Baturiya ce. Da aka nuna ta sumbaci wani likita baƙar fata sai wasu masu kallo suka yi ca, wata tasha a Jihar Texas ma ta daina nuna wasan. Bayan an ja su sun yi nisa, sai aka bayyana cewa Carla, wadda Ellen Holly ke kwaikwaya, baƙar fata ce mai ɓoye asalinta. Da Nixon ta bi wasiƙun makon farko, da wannan labari bai kai inda ya kai ba.

ABIN DA BA A YAFEWA

Wanda ya duba tarihin koke-koken masu kallo zai ga abin mamaki. Suna yafe abin da hankali ba zai ɗauka ba. Matattu sun tashi ba sau ɗaya ba, tagwayen da ba a san da su ba sun ɓullo, mantuwa ta kama rabin gari. A 1995 marubuci James E. Reilly ya sa Shaiɗan ya shiga jikin Marlena, idanunta suka rine, tana tashi sama daga kan gado. Tsofaffin masu kallo suka yi gunaguni, amma jama'a suka ƙaru. Abin da ba sa yafewa shi ne a wulaƙanta abin da suke tunawa.

A farkon 1993 Guiding Light ya kashe Maureen Bauer a haɗarin mota, bayan ta gano mijinta Ed yana cin amanarta da ƙawarta. Maureen ba ta da kwarkwasa ko makirci, ita ce dai matar da kowa ke zuwa ɗakin girkinta ya faɗi damuwarsa. Labarin da ya bazu shi ne an tara wasu 'yan mutane an ji ra'ayinsu, suka nuna ba ta burge su ba, aka yanke hukunci a kan haka. Masu kallo na shekara da shekaru suka yi ta rubuto wasiƙun baƙin ciki, kuma a wannan shekara Ellen Parker, wadda ta fito a Maureen, ta ci lambar yabo ta Emmy saboda wannan matsayi da aka raba ta da shi. Har wasan ya ƙare masoyansa suna kawo wannan mutuwa a matsayin ranar da gidan ya rasa ginshiƙinsa. Haka aka yi a Another World cikin 1996, inda aka nuna kisan gilla ga Frankie Frame, mace mai ƙaramar 'ya wadda jama'a ke so.

Na All My Children ya fi ciwo. A 1973, shekarar da Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta zubar da ciki, hukuncin da ta soke a 2022, aka nuna Erica Kane ta zubar da nata. Ko mai goyon baya ko mai suka, kowa ya san wannan babi ne a tarihin talabijin na ƙasar. Bayan shekara 30 da 'yan kai sai sababbin marubuta suka ce ai likitan bai zubar ba, ya cire ɗan tayin ya dasa wa matarsa, ga yaron nan ya girma sunansa Josh. Masu kallo suka ɗauki wannan a matsayin raini, domin an gaya musu cewa abin da suka gani da idonsu, suka yi muhawara a kansa, bai faru ba.

IKO NA MAI KUƊI

Me ya sa masu shiryawa suke yin haka alhali sun san za a yi fushi? Amsar tana wurin masu talla. Kamfanin Nielsen ne ke auna yawan masu kallo, masu talla kuwa sun fi biyan kuɗi domin mata masu shekara 18 zuwa 49. Matar da ta shekara 40 tana bin wasa ta wuce wannan iyaka, saboda haka wasiƙarta ba ta da nauyi a ma'aunin kasuwa komai kyawun hujjarta. Sai aka riƙa ture tsofaffin 'yan wasa gefe ana cusa matasa, garin neman gira aka rasa ido: tsofaffin masu kallo suka yi fushi suka tafi, matasan da ake zawarci kuwa ba su zo ba.

Ga kuma sauyin zamani. Mata da yawa sun fita aiki, gidajen talabijin sun yawaita. A 1995 aka shafe watanni ana nuna shari'ar O.J. Simpson kai tsaye da rana, ana ture wasannin, mutane da dama suka saba da rashinsu ba su komo ba. Shirin hira ko na girke-girke kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Another World ya tsaya a 1999. Guiding Light ya tsaya ran 18 ga Satumba 2009, bayan shekara 72 da kashi fiye da 15,000 a talabijin kaɗai. As the World Turns ya bi shi a 2010.

A watan Afrilu 2011 gidan ABC ya sanar da soke All My Children da One Life to Live rana ɗaya. Masu kallo suka sake fitowa da kwalaye kamar na 1982, kamfanin Hoover mai yin injin share ɗaki ma ya janye tallarsa daga gidan domin nuna goyon baya gare su. Wannan karon babu 'yar tagwayen da za a ce ita ce ta mutu. Susan Lucci, wadda ta shekara 41 tana Erica Kane, wadda kuma sai a karo na 19 da aka sa sunanta ta ci lambar Emmy a 1999, ta yi sallama da matsayin a watan Satumba na wannan shekara. An gwada farfaɗo da wasannin biyu ta intanet a 2013, abin bai ɗore ba.

Daga 19 aka koma 4: General Hospital, da Days of Our Lives wanda ya bar NBC ya koma manhajar Peacock a 2022, da The Young and the Restless, da The Bold and the Beautiful. Sai a watan Fabrairu 2025 gidan CBS ya fara wani sabo, Beyond the Gates, labarin wani gidan attajirai baƙar fata, wanda shi ne sabon wasan rana na farko a manyan gidajen tun 1999. Cikin masu hannu a shirya shi har da Procter & Gamble, kamfanin sabulun nan na farko.

Abin da tarihin ya nuna shi ne masu kallo suna da iko, amma iko ne mai iyaka. Sun hana a kori ɗan wasa, sun sa an ɗaura aure, sun sa an tono matacce daga kabari. Abin da ba su taɓa iyawa ba shi ne su hana mai kuɗi rufe ƙofa in lissafinsa ya ƙi fita. Su kuma masu shiryawa sun koyi cewa jarin wannan sana'a shi ne tunanin mai kallo, wanda ya san wa ya auri wa a 1975, ya kuma lura in an yi ƙarya. Wasiƙun da a dā ake aika wa gidajen talabijin da mujallar Soap Opera Digest, wadda aka kafa a 1975, yanzu ta wayar hannu ake aika su tun wasan bai ƙare ba, amma ƙorafin bai sauya ba: wannan sabuwar fuska ba ta dace ba, wance ba za ta taɓa yin haka ba, ina aka kai wane?

A 2021 marubutan Days of Our Lives suka sake sa Shaiɗan ya shiga jikin Marlena, shekara 26 bayan na farko. Cikin masu kallo akwai waɗanda suka ga na farkon suna yara a gefen iyayensu mata, suka kuma zauna suna gwada na yanzu da na dā, suna gardamar wanne ya fi.